Takin Galadima

A zamanin Sarki Mahe na Birnin Dargaza, baƙon da ya taso daga gabas ba ya tambayar hanyar gari. Hancinsa ke kai shi. Tun bai hango ganuwa ba wari zai tarye shi a bakin fadama, ya raka shi har ƙofa. Kowa a birnin ya san inda warin nan yake fitowa, amma ba a ambatarsa a fada, don mai shi babba ne.

Ganuwa biyu gare su, tsohuwa a ciki, sabuwa a waje, a tsakaninsu kuma Unguwar Majema take, wadda ke hannun Galadima Barmo. Shi Galadima mutum ne mai gandaye da yawa, kuma ba abin da yake so kamar taki. Sai ya sa duk abin da gari ya fitar a kai masa filin bayan gidansa: shara da toka, tumbin mahauta, ruwan jima, kashin dabbobi, kai, har abin da ake yasowa daga masai, Allah ya raba mu da gani. Da fari in bazara ta yi akan kwashe a mangala a kai gona. Daga baya zubawa ta fi kwasa, abu ya yi ta tashi har ya wuce soron Galadima tsawo. A gindin wannan tsibi kuwa Rijiyar Kuka take, ita kaɗai ce ruwan shan unguwar.

Mai kula da lungunan birni da rijiyoyinsa shi ne Magajin Gari Jatau, dattijo ne mai saurin fushi da tsananin ƙyama, wanda ko ƙuda ya faɗa masa a fura ya gama shanta ke nan. Wata safiya ya je unguwar don ta'aziyyar yara, gida bayan gida, duk ciwo ɗaya, amai da gudawa. Da ya fito ya tsaya bakin rijiyar ya ce a ja masa guga. Gugan ya fito da ruwa kore, da wasu fararen tsutsotsi suna iyo a ciki hankalinsu kwance. Magaji ya toshe hanci da bakin rawani, bai zame ko'ina ba sai fada.

Sarki Mahe ba azzalumi ba ne, sai dai mutum ne da ba ya son ganin ran kowa ya ɓaci, musamman ran wanda ke zaune kusa da shi. Ya ji bayanin Magaji, ya yi salati, ya sa aka yi shela cewa duk mai juji ko kango ko kwatamin da ke cutar da jama'a ya kawar da shi, in ya ƙi a karɓe gidansa. Magaji ya ɗauka an gama. Ina! Kashegari Alƙali ya zo ya faɗi gaban Sarki ya ce shi ba zai iya karɓe gidan kowa ba sai fada ta fayyace masa mene ne juji, mene ne kango, mene ne ƙazanta. Saboda haka aka tara majalisa.

Magaji aka fara ba magana. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, abin ai ba ya bukatar malami. Juji shi ne duk tarin da ke wari, yake tara ƙuda, yake tsiyaya cikin gidan maƙwabci ko rijiyarsa. Kango kuwa gidan da aka bari ya rushe har macizai suka gaje shi, ruwansa na cin ginin wani. Wanda ke da hanci ya san wannan."

Madawaki Tunau, shugaban mayaƙa, ya gyara zama. Shi ma bayan bargarsa akwai abin da ke akwai. Ya ce, "Zaki, a cire kashin doki daga cikin ƙazanta. Da dokin nan ake tsare garin nan. Ba za a hau shi ranar yaƙi ba, sannan a zo ana yatsina fuska ga abin da ya fitar." Aka ce Madawaki ya yi gaskiya, aka cire.

Waziri Ladan yana da wasu gidajen gado jingine da sabuwar ganuwa, sun zube tun ubansa na da rai, indararonsu sun karye, kowace damina ruwansu na cin gindin ganuwar. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gida ba ya zama kango muddin akwai ɗaki ɗaya mai rufi a cikinsa, ko da akuya ce ke kwana a ciki. In ba haka ba, za mu tozarta gidajen iyayenmu." Aka ce wannan ma magana ce ta hankali.

Sannan Galadima Barmo ya ɗago. Ƙato ne, mai taushin murya, kullum rigarsa na ƙamshin turaren wuta, don ya fi kowa sanin abin da ke bayan gidansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Magaji ya haɗa abu biyu da Allah ya raba. Juji shi ne tarin da ba shi da mai shi. Amma tarin da ke da ubangiji, wanda ya yi niyyar kai shi gona, wannan sunansa taki. Taki kuwa dawa ce da gero da ba su riga sun tsiro ba. Da shi rumbun Sarki ke cika, da shi ake ciyar da mayaƙa. Wanda ya kira taki ƙazanta ya zagi tuwon da yake ci."

Magaji ya ji kamar ya tofar da yawu a kan shimfiɗar fada. Ya ce, "To Galadima, yaushe za a kai shi gonar? Yaran da aka haifa a gindinsa wasu har sun yi gemu."

Galadima ya yi murmushi ya ce, "Niyya a zuci take, Magaji."

Alƙali ya gyaɗa kai ya ce lalle ba mai shiga zuciyar mutum ya auna niyyarsa sai Mahaliccinsa.

Magaji ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarki, har dogarai suka daka masa tsawa. Ya ce, "Zaki, tsutsa na gani da idona a cikin guga. Tsutsar nan ba ta san niyyar Galadima ba. In damina ta sauka tsibin nan yana nan, wallahi unguwar nan kabari za ta zama."

Sarki ya dubi Magaji, ya dubi Galadima, ya dubi ƙasa. Ya ce a tafi a kan abin da majalisa ta fi rinjaya. Haka aka tashi da doka mai kyan ji, wadda ba ta kama kowa ba sai tsofaffin da ke zuba toka a bakin lungu. Su kam dogarai sun sa su sun share har da hannu. Tir da wannan zama.

Ba a daɗe ba ungulaye suka bar mahauta suka koma kan tsibin Galadima, suka yi baƙi ƙirin a kansa tun safe har yamma. Malaman fada suka duba suka ce alama ce ta gawar abokan gaba da za ta cika filin. Magaji ya ce shi dai abin da ya sani, ungulu ba ta zama inda ba abinci. Ana cikin wannan ja-in-ja ɗan aike ya iso daga iyaka, dokinsa na kumfa, ya zube a ƙofar fada ya ce Sarkin Jangaru ya ƙetare kogi da rundunar da ba ta ƙirguwa, ya ƙone ƙauyukan gabas, kuma ya rantse a Dargaza zai ci sabon gero. Aka buga tambari, aka rufe ƙofofi.

Kafin Jangarawa su iso, sama ta riga su. Aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi har la'asar. Da aka ɗauke, Magaji ya ratsa taɓo ya nufi Unguwar Majema, ya tarar gefen tsibin ya zaftare. Wani baƙin ruwa mai kauri yana gangarowa, ɗauke da ƙahoni da ruɓaɓɓun fatu da abin da ba ya faɗuwa, yana zuba kai tsaye cikin Rijiyar Kuka. Ga mata kuma sun jeru da tuluna suna jiran ya lafa su ɗiba, don ba su da wata. Magaji ya juya baya ya yi amai a gindin kukar, a gaban kowa.

Bai koma fada neman izini ba. Ya aika aka kira Sarkin Magina, aka jera azara a bakin rijiyar, aka shafe da ƙasa aka daddaɓe kamar rufin soro. Sannan ya bi gida gida yana kora mutane zuwa cikin tsohuwar ganuwa, inda rijiyoyi ke kan tudu. Wasu suka bi shi da godiya, wasu da zagi, don ba mai son barin ɗakinsa cikin damina ya je ya raɓe a zauren wani.

Galadima ya kai ƙara. Ya ce Magaji ya taka hukuncin majalisa, ya toshe rijiyar da ba wanda ya kira ƙazanta, ya watsa masa talakawa. Abin da bai faɗa ba shi ne, muddin rijiyar nan tana toshe, kowa zai san takinsa juji ne, dokar Sarki kuma ta ce mai juji a karɓe gidansa. Ran Sarki ya ɓaci, ya ce da Magaji, "Ka yi gaban kanka. Bari mu ga bayan yaƙi, sannan mu zauna da kai."

Jangarawa suka iso suka kewaye birni. Ba su sha wahalar neman mashiga ba. 'Yan leƙen asirinsu sun ga inda gindin sabuwar ganuwa ya zaizaye, daidai gidajen Waziri da aka ce ba kangaye ba ne. Suka taho da hantsi ƙarƙashin garkuwoyi, kibau na zuba a kansu, suka sa sangwami da gatura. Ginin da ya kamata ya ci su wata guda ya zube tun rana ba ta yi tsaka ba. Madawaki Tunau, a ba shi haƙƙinsa, namiji ne. Ya tare kafar da 'yan lifidi, aka gwabza har dawakai na tuntuɓe da gawa, shi kansa aka sare shi a kafaɗa. Amma yawa ya fi ƙarfinsu. Ya ja da baya zuwa tsohuwar ganuwa, aka datse ƙofa, Sarkin Jangaru ya kafa sansani a Unguwar Majema.

Magaji yana bisa tsohuwar ganuwa lokacin da Jangarawa suka gano rijiyar. Al'adar yaƙi ce a ƙasashen nan, in za ka bar wa abokin gaba wuri, sai ka toshe rijiyarka mai kyau don ƙishi ya kore shi. Da Jangarawa suka ga azara sabuwa da daɓe mai kyau, sai suka ɗauki guɗa da ihu. Wa zai ɓata wannan aiki a kan rijiyar banza? Lalle nan ne ruwan da Dargazawa ke ji da shi. Suka fasa daɓen, suka zura guga. Ruwan ya ɗan kwanta, ya yi haske daga sama. Magaji yana kallo suka sha, suka cika salka, suka ba dawakai, suka kai wa sarkinsu a buta. Abokan gabarsa ne, sun zo su yanka shi, amma duk da haka sai da ya kau da kai yana cewa a'uzubillahi.

Kwanaki kaɗan gangunan sansanin suka yi shiru. Daga kan ganuwa ba abin da ake gani sai maza a tsugune, a gindin kowane bango, wasu ko tashi ba sa iyawa. Warin da ke tasowa ya danne na tsibin kansa. Madawaki ya ɗaure kafaɗarsa ya sa aka buɗe ƙofa. Abin da aka yi ranar nan bai cancanci a kira shi yaƙi ba. Jarumawan da suka fasa ganuwa suna gudu hannu ɗaya riƙe da mazugin wando, ana bin su ana sara. Sarkin Jangaru a kwance a kan amuku, ragar ɗaukar majinyaci, aka fitar da shi, ya bar tamburansa da tutarsa a cikin taɓo.

Gari ya ɗauki murna. Magaji ya zaci yanzu ko makaho ya ga abin da ke cikin rijiyar nan. Ashe bai gama sanin Galadima ba.

A zaman fada na farko Galadima ya shigo da maroƙa a bayansa. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Yau asirin gidanmu ya fito. Kakana ya binne wani abu a gindin Rijiyar Kuka tun ranar da aka haƙa ta, ruwanta ya san ɗan gari ya san baƙo. Ɗan gari ya sha ya ƙoshi, maƙiyi ya sha ya zube. Wannan ce rijiyar da Magaji ya toshe. Da ba don Allah ya sa sun buɗe ta ba, da yanzu kawunanmu na kan masu. Ina roƙon Sarki a mayar da talakawana gidajensu su sha ruwan kakanninsu."

Fada ta ɗauki kabbara. Waziri, wanda ke neman abin da zai mantar da mutane zancen kafar ganuwa, ya fi kowa ɗaga murya. Magaji ya ce, "Zaki, yaran da na je ta'aziyyarsu fa? Su ma Jangarawa ne?" Ba wanda ya ji shi, kakaki ya riga ya ɗauka. Sarki ya yafa wa Galadima alkyabba, ya ce gobe a buɗe wa talakawa rijiyar a gabansa. Ya ƙara da cewa, tun da al'ada ce duk rijiyar da aka sake buɗewa Magajin Gari ke fara shan ruwanta kafin talakawa, to Magaji ya zo ya sha, wannan ne hukuncinsa.

Da hantsi aka hallara. An janye gawarwaki amma ba a janye ƙuda ba. Sarki na kan doki a ƙarƙashin laima, hakimai sun kewaye shi kowa da bakin rawani a hanci, a bayansu kuma mutanen unguwar ne da tulunansu, mata da goyo, suna jiran Magaji ya sha su ɗiba. Magaji ya dube su. In ya ƙi sha, a tuɓe shi a naɗa wani kafin azahar, wancan ya kurɓa don sarauta, su kuma su bi. In ya sha ya yi shiru, su bi.

Aka ja guga aka cika ƙwarya aka miƙa masa. Mutumin da ƙuda ɗaya ke raba shi da fura ya dubi abin da ke motsi a gindin ƙwaryar. Ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya kafa kai. Sai da ya sha rabi ya sauke, ya goge gemu, ya haɗiye abin da ke taso masa.

Ya ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Zaki, na cika al'ada. Saura mai rijiya. Galadima ya ce ruwan kakansa ya san ɗan gari, ba kuwa ɗan garin da ya kai jikan mai ita. Ya sa mana albarka kafin talakawansa su ɗiba." Ya taka har gaban Galadima, ya durƙusa, ya miƙa masa ƙwaryar da hannu biyu.

Maroƙa, da yake ba su san dawan garin ba, suka ɗauka da kirari, jama'a suka amsa. Galadima ya ce ai yana azumin nafila. Madawaki Tunau, wanda kafaɗarsa ke ɗaure, ya ce cikin sanyin murya, "Tare muka ci goro ɗazu a ƙofar fada, Galadima."

Sarki ya ce, "Sha, Barmo."

Galadima ya karɓi ƙwaryar, ruwan na zuba a kan sabuwar alkyabba. Ya kai ta kusa da baki. Warin ya doke shi, idonsa ya faɗa kan abin da ke gindi. Ya saki ƙwaryar ta fashe, ya dafe ciki, ya kelaya amai a gaban dokin Sarki. Can baya wata mata ta sauke tulunta ta kife shi a ƙasa, ta kusa da ita ma ta kife nata.

Sarki Mahe ya daɗe yana kallon Galadima. Sannan, karo na farko tun hawansa, ya janye rawani daga hancinsa, ya ɗaga kai ya dubi tsibin tun daga gindi har inda ungulaye suke. Ya nuna shi da bulala.

"Magaji, me ka ce sunan wancan?"

"Juji, ranka ya daɗe."

"Alƙali, ka ji. Juji ne. A cike rijiyar nan da duwatsu. A tuɓe masa alkyabbata, a ba shi mangala. Shi da bayinsa za su kwashe shi, in sun gama a rufe gidan."

Dogarai suka yi kan Galadima. Magaji bai tsaya kallo ba. Ya yi sallama da Sarki, ya ƙi hawa doki, ya kama hanyar gida a ƙasa yana sauri irin na dattijon da ba ya son a gane yana sauri. Mutanen unguwar suna buɗa masa hanya suna sa masa albarka, yana amsawa da kai. Bai kai ƙofar tsohuwar ganuwa ba ya ji cikinsa ya yi murɗawar farko. Ya dafa bango, ya ce da dogarin ƙofa ya aika gidansa a ce su shimfiɗa masa tabarma kusa da bayan gida, kuma a kira masa 'ya'yansa.